Ɗan Mai Gyaran Kwaɗo

Babana kwaɗo yake gyarawa a bakin kasuwar Sabon Gari:
tebur ɗaya, zarto,
da gwangwanin madara cike da makullai marasa gida.
Ba ya sayar maka da kwaɗo
sai ya farke ɗan'uwansa a gabanka,
ya ƙirga maka haƙoransa, ɗaya, biyu, har biyar.
"Ka ga cikinsa? To, yanzu ka yarda da shi."

Ni kuma ga ni a Samaru, ƙarfe ɗayan dare,
janareton maƙwabci ya yi shiru,
ina shiga duniya ta wata ƙofa
da ban taɓa ganin bayanta ba.
Burauza ce. Kyauta aka ba ni.
Maƙeranta sun liƙe cikinta,
sun ce in kwantar da hankalina,
sun tafi da makullin
wata ƙasa da ban san damina ake can ko rani ba.

Na ba ta lambar asusuna.
Na tambaye ta abin da na ji nauyin tambayar likita a Shika.
Sunan wata 'yar Gyallesu kuwa,
sau goma sha ɗaya na rubuta mata shi a mako guda.
Gari na wayewa, talla ta tare ni
da maganin ciwon nan dai.
Wa ya kai labari?
An ce bango yana da kunne,
amma bango ko ba komai ina iya ƙwanƙwasa shi.

Barira ta latsa wani shuɗin rubutu
tana jiran mota a Kwangila.
Kafin su kai Danmagaji
kuɗin rajistarta sun riga ta sauka.
Ban ce ƙofar ce ɓarauniya ba.
Ban sani ba.
Rashin sanin ne ke hana ni barci.

Ran Asabar na miƙa wa Baba wayar.
Ya juya ta, ya sake juyawa,
yana neman inda ake kwancewa.
Ya daɗe.
Sannan ya goge ta da bakin riga ya mayar mini.
"Tanimu, wannan ba a so a gani.
Abin da ba ka iya rasawa, kada ka kwana da shi a ciki."

Na ce to.

Da dare na sayi data ta ɗari biyar.
Rubutu ya fito, dogo kamar layin mai.
Ban karanta ba.
Na latsa: Na amince.