Tiya Biyu

Jaharu ɗan ƙanwata tafinta ne a matatar mai,
yana jin yaren Sinawa kamar can aka binne cibiyarsa.
Ran Alhamis ya tarar da ni a Kasuwar Dole
ina awon gero, ƙaiƙayi har wuya.
Ya ɗauki tiyata, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya ce:
Kawu, a kan irin wannan aka taɓa yayyaga mutum.

Wai a zamanin da, a ƙasar Sin,
wani sarki ya gaji da hakimai masu cin ƙasa gado,
kowa da mudunsa, kowa da bulalarsa.
Ya samo waziri baƙo, marar dangi a fada,
ya ce masa gyara.
Waziri ya yanka gandun ƴaƴan sarauta,
ya ce muƙami sai da gumi,
ya ɗaure gidaje biyar biyar,
laifin ɗaya ya ci sauran.
Ya sa aka ƙera mudu guda
daga bakin kogi har gindin dutse.
Rumbun sarki ya cika.
Hira ta mutu a ƙofar gida.

Na ce ai ya kyauta,
ni da matan Mirriya suka ishe ni da gardamar awo.

Ya ce tsaya, Kawu.
Ranar da sarkin ya kwanta dama
waziri ya gudu da dare, ya buga ƙofar masauki.
Mai masauki ya ce ba takarda ba tabarma,
dokar waziri ce, ni ban isa ba.
Bai san fuskar mai dokar ba.
Da suka kama shi suka ɗaure shi da dawakai,
kowane doki ya nufi gabansa.
Mudun fa? na ce.
Ya ce mudun suka riƙe abinsu.

Da magariba na bi ta tsakanin duwatsun Birni,
buhu a ka, zancen a ciki.
Shekara talatin ina cewa
da a samu mai hannun ƙarfe ya daidaita garin nan.
Amma tiyata biyu ce,
ta saye mai zurfin ciki,
ta sayarwa wadda maƙeri ya ɗan taɓa wa gindi.
Da ya zo Damagaram, ta rumfata zai fara.

Wadda Jaharu ya ƙwanƙwasa ta sayarwa ce.
Ban sani ba ko ya ji ƙarar.