Daƙiƙa Goma Sha Tara

Ranar kasuwar Gujungu
rumfata ke riga ta mai shayi farkawa.
Janareto ya yi tari uku ya kama,
wayoyi sittin kwance a kan katako,
kowace da igiya a baki
kamar 'yan awaki a ƙarƙashin uwa.

Na san su ko ban duba lamba ba.
Ta Sale dillali cike take da farashin riɗi,
ta ungozoma na ƙirga wa masu ciki watanni,
ta yaron nan Habu ta ƙoshi da wasan tsere
har ba ta da masaukin hoto ɗaya.
Kowa da manhajarsa:
ta tura kuɗi, ta leƙen hadari,
ta tada mutum asuba ko ladan ya makara.

Da hantsi sai ga Baffa Ilu,
hannu biyu, waya biyu.
Ɗaya sabuwa fil,
a bayanta tuffa da wani ya gatsa ya ajiye,
Nafi'u ne ya aiko daga Fatakwal.
Ɗayar fuskarta ta dare kamar fadama a bazara,
an ɗaure mata ƙugu da kyauro.

Ya ce, "Sagiru, juye min wannan a wannan.
Lambobi ba su dame ni ba.
Akwai maganar Ladidi a ciki."

Na san maganar. Daƙiƙa goma sha tara.
Damina biyu baya ta aika masa yana gona:
ya taho da kanwa,
jar akuya ta sake tsinkewa,
hular da ya tada gida yana nema
ga ta nan a kan randa.
Sai dariya, sai tari, sai shiru.
Ba ta ga kaka ba.

Na jona, igiya ta ƙi shiga.
Na aro ta mai cirar kuɗi, ta shiga,
sabuwar ta ce in kawo kalmar sirri
wadda ke can cikin kan Nafi'u,
layinsa kuma a kashe.
Na gwada ta iska.
Tsohuwar ta miƙa hannu,
sabuwar ta kau da kai.

Na ce, "Baffa, gidajensu ba sa ga maciji.
Wannan Andiroyid, wannan Ayifon,
masu su suna can ƙetaren teku,
kowa ya kewaye gonarsa da ƙaya."
Ya ce, "Rikicin gado ne?"
Na ce, "Kasuwa ce."
Ya ce, "Mu ma kasuwa muke ci,
amma kwanon Gumel na auna geron Ringim."

Wataƙila wani gwani a Farm Santa ya iya.
Ni dai iyakata ke nan.

Ya mayar da sabuwar cikin kwalinta,
ya naɗe a hannun riga kamar goron biki,
ya zaro ɗari ya ce in ba tsohuwar ta sha.
Ya zauna kan benci har inuwa ta juya.

Da ta farfaɗo ya kai ta kunne,
ya toshe ɗayan da yatsa,
yana yamutsa fuska,
ga kukan shanu, ga 'yan kamasho, ga injina.

Na miƙa hannu na kashe janareto.
Wayoyi sittin suka daina tsotso.
Sale ya ɗago zai yi magana,
ya dubi Baffa,
ya mayar da kai kan lissafinsa.