Muryar da Ba Ta da Maƙogwaro

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki a Ƙofar Marusa,
ƙafa na taka keke, baki na ƙirga gaɓoɓi.
Baitocina suna kwance a bayan littafin awo,
tsakanin faɗin kafaɗar Alhaji Barmo
da cikon kuɗin da har yau bai kawo ba.
Murya kuwa, ranar da aka raba ta ina layin kwaɗi.
Sau ɗaya na gwada rerawa a wajen walima,
aka miƙo mini ruwa, wai ko na ƙware ne.

Sai Lurwanu, ɗan ƙanwata mai gyaran waya,
ya shigo da kwamfuta mai tsagaggen gilashi.
Ya ce, Kawu, na sauko da wata murya, kyauta ce,
ba ta mura, ba ta fushi, ba ta neman kuɗin mota.
Ba ni baiti ɗaya.

Na ba shi wanda na yi wa Inna, shekarar da ta rasu.

Ta rera.
Tsigar jikina ta tashi, sannan dariya ta kama ni.
Na rubuta ƙoƙo, ta ce koko.
Na rubuta Inna tana ɗaka,
ta ce Inna tana daka,
sai dariyar ta tsaya mini a wuya,
don Inna ta yi daka har hannunta ya daina rufuwa.
Kwana tara yaron nan yana lanƙwasa mata harshe
kamar mai koya wa baƙo gaisuwa.

Kafin azumi ta cika gari.
Tana tallar fura a Saulawa,
tana cikin Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga,
ta yabi amare huɗu a Asabar ɗaya,
kowace ta ce mata babu kamarki.
Yara sun sa ta rera jadawalin lissafi.
Ni ma, ban ɓoye ba, na ji daɗi:
wani direban Jibiya ya tsaya a ƙofar shagona
yana bin baitina da baki,
bai san mai shi ne ke rage masa tsawon wando ba.

Amma akwai Tasalla ta Rafindadi,
wadda amshinta ya biya kuɗin makarantar yara uku.
Wata biyar situdiyo ba su kira ta ba.
Yanzu awara take soyawa a bakin kwata,
ni na ɗinka wa 'yarta yunifom, ta ce sai ƙarshen wata.

Na je da wayar, kunya na jan gefen rigata.
Ta saurara, mataki a hannu, mai yana tsartuwa.
Ta ce, muryar da daɗi.
Ta juya awara.
Ta ce, amma wannan ba ta taɓa binne kowa ba.
Ka ji ta wuce sunan uwarka a guje
kamar mai tsallake kwalbati?
Nan ake tsayawa. Nan ake haɗiye yawu.
Nan numfashi ke ƙarewa, a nemo wani.

Lurwanu ya buɗe gurbi a wurare ukun da ta nuna,
bai zuba komai a ciki ba.

Ta ce, shirun nan nawa ne, tela. Dubu biyu.
Na biya, ban nemi ragi ba,
ta cire kuɗin yunifom ta miƙo mini.

Da daddare in na rufe shago nakan kunna.
Kalmomin nawa ne, muryar ta kowa ce.
Idan ta zo sunan Inna sai ta tsaya,
ni kuma ina zaune da almakashi a cinya,
ban san lokacin da nake ja mata numfashin ba.