Ragowar Motsi

Laraba bayan la'asar muka kai Baba makwanci.
Agogonsa bai ji labari ba.
Yana rataye a ƙusa, jikin bangon soro,
yana ta ƙas-ƙas ga masu zaman makoki.
Sai Juma'a da hantsi, tara saura kwata,
ya haɗiye numfashi.

Gwadabe ne ya warware mini,
ranar kasuwar Gujungu,
a rumfarsa da ke tsakanin mai daddawa da mai faci.
Ya manna madubi a ido guda,
ya ɓare bayan agogon kamar goro,
ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Leƙo."

Na leƙa, na ga gari.
Haƙoran tagulla suna cizon juna ba faɗa,
jajayen duwatsu ashirin da biyar
ko ƙwayar gero ta fi su,
da wani zaren ƙarfe a naɗe,
gashin jariri ya fi shi kauri.
A samansu rabin wata yana lilo.

"Ba batir," in ji shi. "Ba a yi masa wani.
Motsin hannu ne tuwonsa.
Ka yi tafiya ya ƙoshi, ka kwanta ya rame."
Sai na lissafa da yatsu:
awa arba'in yana cin ragowar motsin mahaifina,
alwalarsa ta ƙarshe,
korar ƙuda, miƙa wa Inna kofi.

Shekarar da ya kai shanu Ikko ya sayo shi
wajen wani Kwara, da kuɗin bijimi uku.
Inna ta yi masa gaba har kaka.
'Yan majalisa suka ce, "Ilu, rana fa kyauta ce,
inuwar kuka ba ta taɓa ɓata mana azahar ba."
Bai tanka ba. Sai ya kira mu ɗaya-ɗaya
ya kanga mana shi a kunne.

Gwadabe bakinsa ba ya riƙe ruwa.
Kwana tara sai ga mota daga Kano,
wani Injiniya Mujittafa, da farar safa a hannu.
Ya ce yana da sha huɗu a gida,
cikin akwati mai juya su da lantarki
don kada su mutu yana barci.
Ya tambayi kwali da takardu. Na ce gara ta riga shi.
Ya shafa tabon da ke kan gilashin,
ya ce wannan zai rage daraja.
Na ce ƙahon Bakale ne, ranar da ya tsinke igiya.

Ya taya: rijiyar burtsatse da babur a kai.
Ba zan ɓoye ba, yawuna ya tsinke,
matata tana bayan zana tana gyaran murya.
Sai na ga ya cire safar,
ya kai agogon kunne, ya lumshe ido,
ya karkatar da kai hagu
daidai yadda Baba yake yi.
Ashe ciwon nasu ɗaya.
Na ba shi fura, na raka shi bakin mota,
na ce ya riƙa zuwa gaishe shi.

Yanzu fartanya ce ke ciyar da shi.
Kowace kunya da na ja, cikinsa take.
Wayar aljihuna ta fi shi gaskiya,
kullum yana gaba da minti biyu,
halin mai shi, wanda ke riga ladan zuwa masallaci.
Ban bari Gwadabe ya gyara ba.

Da dare Tasalla takan hau cinyata,
ta kama hannuna ta manna a kunne,
ta ce, "Wa ke ciki?"
Nakan ce, "Yi shiru ki ji."