Gado na Goma Sha Bakwai

Sun kawo shi ƙarfe sha ɗaya na dare,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannun wani mai kwat,
ciyawar fili manne a gwiwarsa.
Ta tagar asibiti ina jin birnin Porto
yana kiran sunansa kamar masu roƙon ruwa:
Amílcar, Amílcar.

Ni ba a taɓa rera Graciete ba,
sai dai ƙararrawar gado na huɗu,
tsohuwa Ermelinda tana neman fo.

Na san lissafin.
Belmiro, mai tura keken marasa lafiya,
ya yanko shi daga jarida ya liƙa a ɗakin shayinmu:
abin da yaron nan ke ɗauka daga Lahadi zuwa Lahadi
sai na shekara tara ina wanke gyambo.
Ya ja layi da jan biro, ya rubuta a ƙasa:
a ci gaba da haƙuri, 'yan aljanna.

Da ɗacin nan a bakina na ɗaga labule.
Na zaci dukiya zan tarar a kwance,
sai ga yaro, shekara ashirin ba ɗaya,
ƙashin ƙaurinsa ya leƙo waje yana kallonmu.
Ya damƙe mini hannun riga yana rawar ɗari:
Sista, zan sake gudu?
Ban ce e ba. Da dare ba ma alkawari.
Na lalubi jijiya, na same ta a karon farko,
ba wanda ya tafa.

Ya ce kar a kira uwarsa tukuna, tana da hawan jini.
Kifi take sayarwa a Matosinhos
kafin ya roƙe ta ta ajiye wuƙar.
Ya ce mu talatin aka ɗauka muna ƙanana,
ɗaya na tuƙa tirela a Faransa,
ɗaya na gadin kanti,
sauran ban san inda ƙasa ta kai su ba.
Ni kaɗai na haye, kuma ga ƙafar.

Ban gaya masa ba
cewa ɗana Telmo na barci yanzu cikin rigarsa,
mai lamba ashirin da uku,
wadda na saya da ladan kwana biyu ban runtsa ba.
Tulin kuɗin da nake harara
akwai gumina a ciki, da hannuna na kai.
Ban kuma faɗa masa ba
yadda mijina, da ba ya dariya tun da aka rufe masana'anta,
ya tashi tsaye da ihu ranar da ya ci ta biyun nan da ka.
Nawa ne kuɗin wannan? Ban iya wannan lissafin ba.

Ƙarfe huɗu da minti goma Ermelinda ta cika.
Shekara talatin da takwas tana koyar da yara baƙi da wasali.
Ni na rufe mata ido,
ni na ɗaure haɓar, na cire zoben na sa a ambulan.
A ƙofa 'yan jarida sun kai ashirin,
ba wanda ya tambayi gado na huɗu.

Da hantsi wata baƙar mota ta zo
ta tafi da shi inda ɗaki ke kallon teku.
Ya bar mana kwandon furanni,
ya bar wa Telmo takalmin nan ɗaya da sa hannu.
Belmiro ya ce a kai furannin banki mu gani ko za su karɓa.
Na yi dariya. Takalmin kuwa na sa a jaka,
ba zan yi ƙarya ba.

Kafin in tashi na sauya zanin gadon.
Suka shigo da wani magini, siminti har gira,
ya faɗo daga hawa na uku.
Ƙafar hagu, ƙashi ɗaya, wuri ɗaya.
Bai tambaye ni gudu ba.
Ya ce, Sista, sati nawa?