Kalmar da Ban Faɗa Ba

A hawa na uku na wani tsohon gini a Porto,
inda taga ke leƙen jajayen rufi har gangaren kogin Douro,
nake karanta wa mutane kalmomi goma sha biyu,
daƙiƙa biyu tsakanin kowace da 'yar'uwarta,
in dakata, in ƙirga abin da ya saura a kansu.
Sana'ata ke nan, awon mantuwa.

Ran Talata Anselmo ya zo,
tsohon direban taragon cikin gari, saba'in da huɗu,
ya ɗora hularsa a gwiwa kamar mai jiran likita.
A takardata sunansa Lamba Talatin da Ɗaya.

Na danna agogo, na fara:
zare, tsini, ɗinki, maɓalli,
tela, yadi, kaifi, faci,
almakashi, kafa, suka, ƙaya.
Ban ce allura ba.
Da gangan muka cire ta, nan tarkon yake:
a kewaye rami da kalmomi, a ga wanda zai rufta.

Na sa shi ƙirge da baya daga ɗari uku
don kada ya yi ta bita a zuci.
Ya yi dariya, ya ce ko a makaranta bai sha wannan wuya ba.

To, me ka tuna?
Zare, ya ce. Tela. Almakashi.
Shiru. Wata tattabara ta sauka a taga, ta tashi.
Allura.

Na yi tambayar da ƙa'ida ta ce a yi:
ka tabbata ka ji ta?
Da kunnen nan, ya ce, bayan maɓalli kika faɗe ta,
har kin ɗan yi tari.
Ban yi tari ba. Na'urar ɗaukar murya na nan shaida.

Na ja jan layi: tunawar ƙarya.
Ba shi kaɗai ba ne, da yawa nan suke faɗawa.
Mukan zaci ƙwaƙwalwa rumbu ce,
ka zuba, ka rufe, ka dawo ka tarar.
Ashe masaƙiya ce,
inda ta ga ɓula sai ta cike da zaren da ke hannunta.

An gama, amma bai tashi ba.
Ya ce Filomena shekara arba'in ta yi tana ɗinki a bakin taga,
da idonta ya raunana, shi ke zura mata zare
kowace asuba kafin ya fita da taragon farko.
Yatsunsa har yau sun san aikin.
Muryarta ce ta ɓace masa, bara da kaka.
Na ga sanarwarku a kantin magani, ya ce,
na ce ko kun san inda irin wannan ke zuwa.

Na duba takardata.
Gurbin daidai, gurbin kuskure, gurbin lokaci.
Babu na wannan.
Na ce ba mu sani ba tukuna,
na miƙa masa Yuro goma na kuɗin mota.

Da dare ina shigar da alƙaluma
sai labulen kicin ɗin mahaifiyata ya faɗo mini a rai,
rawaya, mai ƙonewar tukunya a gefe.
Zan iya rantsuwa a kansa.
Yayata Idalina ta ce tagar ba ta taɓa samun labule ba.
Na ɗauki waya, na ajiye.

Talata mai zuwa zai dawo gwaji na biyu.
Na san yadda layin kan gangara:
tela zai tafi, almakashi zai bi shi,
watakila zare ma.
Allurar da ban faɗa ba
ita ce za ta hau matakala tare da shi,
ni kuma in sake ɗaukar jan alƙalami.