Haƙoran Gunya

Ranar Alhamis, bayan an watse kasuwar Maigatari,
Nomau ya biyo ni har turke, yana jan ingarmansa akawali.
Ya ce, “Ilu, arziki ya yi sallama a ƙofarka.
Goɗiyar nan ta fara ɗaga wutsiya.
Bar su su haɗu, baɗi war haka kana da duƙushi,
ka biya bashin takin da ke hana ka barci.”

Na dubi Gunya. Ta yi tsawo, ba ƙarya,
gashinta na sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa.
Zuciyata ta gama lissafi tun baki bai buɗe ba.

Baffa Cindo na kan turmi a kife, yana tufkar rama.
Bai ce uffan ba. Ya miƙe, ya karkaɗe riga,
ya sa babban yatsa inda linzami ke kwana,
ya ɗaga leɓenta.
“Zo ka karanta. Ga takardar haihuwarta.”

Haƙoran nono ne, farare, kamar ƙwayar masara,
biyun tsakiya kaɗai suka fara girgiɗa.
“Shekara biyu da rabi,” in ji shi.
“Ƙugunta bai gama buɗewa ba.
Abin da take ci, kanta take ginawa da shi.
Ɗora mata cikin wata goma sha ɗaya,
su biyu su raba dami ɗaya na harawa,
kowa ya tashi da rabin jiki.”

Nomau ya yi dariya. “A Babura an yi, an kuma samu.”
“An samu. Ka tambaye su ina uwar?
Ni na haƙa ramin Danda bayan kukar can,
shekarar da rijiyar unguwa ta rufta.
Ɗan ya leƙo da ƙafa ɗaya, ya tsaya.
Tun isha’i har assalatu hannuna na ciki zuwa kafaɗa.
Ba uwa, ba ɗa.
Ragama kaɗai na komo da ita gida.”

Ƙuda ya yi ta zagaya kunnen ingarma.
Nomau ya sosa ƙeya, ya nuna ɗaya turken:
“To ga tsohuwar. Ita ai ta saba.”

Bikili, shekara goma sha tara.
Bayanta ya lotsa kamar gadon kara da ya sha baƙi,
ramukan saman idonta sun isa a ajiye goro,
dusa ma sai an jiƙa take iya tauna.
Bakwai ta ba mu. Da na uku aka yi rufin kwanon ɗakin nan.
A na ƙarshe kwana uku tana kwance,
da ƙyar kanwa da gasarar gero suka tashe ta.

Baffa ya shafa wuyanta. “Wannan ta biya nata.
Daga huɗu zuwa goma sha biyu gonar ke da albarka,
zuwa sha biyar in jiki ya yarda.
Kafin nan binne ne, ba ka san ranar ruwa ba.
Bayan nan kala ce, kana tsintar abin da ya zube.”

Goɗiya biyu a turke, bana ba haihuwa.
Mai taki kuwa bai san haƙori ba.
Alhamis ta zagayo, na ja tumaki biyu na kai masa,
Hajo ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba,
don ɗayar tunkiyarta ce.

Jiya da safe ina share komi
na tsinci abu fari a cikin ragowar dusa:
haƙorin Gunya, da ɗan jini a gindinsa.
Na wanke shi, na jefa a gwangwanin da nake tara canji.
Saura su nawa, Baffa?
Ya ce in riƙa ɗaga leɓen, in daina tambaya.